Mola ta matan Kuna ba saƙa ba ce

An daɗe ana cewa mola, adon da matan ƙabilar Kuna ta Fanama da Kolombiya ke sawa a gaba da bayan riga, saƙar hannu ce mai dubban shekaru, irin ta mutanen Maya na Gwatamala da Mekziko. Ba abin mamaki ba ne a ɗauka haka, domin duka biyun aikin mata ne mai launuka da yawa.

Amma mola ɗinki ce. Ana jera yadin auduga na kasuwa, ƙyalle biyu ko fiye, kowanne da launinsa. Sai a yanka zane a na sama da ɗan almakashi, a kalmashe bakin, a ɗinke da allura har launin ƙasa ya bayyana. Sana'ar ta kafu ne a ƙarni na 19, lokacin da yadi da allura suka wadata ta hanyar fatauci, kuma zanenta na farko daga zanen jiki aka ɗauko shi. Wannan bai rage mata daraja ba ko kaɗan: hana wannan sutura na cikin dalilan boren Kuna na 1925.

Rigar huipil ta matan Maya a Gwatamala da Mekziko ita ce ake saƙawa, a masaƙar da ake ɗaure wa ginshiƙi da ƙugu, tun kafin zuwan Sifaniyawa.

Mai son tantancewa ya duba aikin da kyau. A mola zai ga ƙyalle kan ƙyalle da ƙananan ɗinki, a saƙa kuwa zare ne ya ratsa zare.

Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.