Yawan jini ba shi ne ban tsoro ba

Masu fara rubuta labarin ban tsoro da yawa sun ɗauka sai an zubar da jini, an siffanta aljani tun daga kofato har ƙaho, sannan gaban mai karatu zai faɗi. Kuskure ne. Jini ƙyama yake jawowa, ita kuwa ƙyama nan da nan take dushewa. Jira ne ke hana barci.

Ƙwararru kan fara tsara wa kansu dokokin abin tsoron: me yake so, yaushe yake zuwa, me ke korarsa. Sannan su bar mai karatu ya shaƙu da jarumar, ya san gidanta da rana kafin dare ya yi. Alamu kaɗan-kaɗan suke zuwa: turmi ya sauya wuri, an yi sallama babu kowa a ƙofa.

Masu sakin labari kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad sun fi faɗawa tarko. Masu karatu su matsa a nuna musu dodon, marubuci ya biye musu tun a kashi na uku, ragowar ya koma surutu. A saurare su idan suka ce wani wuri ya yi sanyi ko an karya doka, amma kada a gaggauta buɗe sirrin dominsu.