Rayuwar dare a birnin Kano

Rayuwar dare a Kano ita ce harkokin hira, ciye-ciye, kallo da shaƙatawa da mazauna birnin da baƙinsa ke yi daga faɗuwar rana zuwa tsakar dare. Kano birni ne na kasuwanci, kuma yawancin baƙin da ke kwana a cikinsa 'yan kasuwa ne da suka zo sarin kaya a Kantin Kwari, Singa, Dawanau ko Kasuwar Sabon Gari, sai matafiya da ke jiran jirgi a filin Malam Aminu Kano, da masu zuwa biki ko aikin gwamnati. Abin da baƙo zai tarar da dare ya danganta ne da unguwar da ya sauka, domin cikin ganuwa, Sabon Gari da Nassarawa kowace da irin darenta. Mafi yawan abin da ake yi kuwa a bakin titi ake yinsa, a kan benci ko tabarma, kusa da wutar mai nama ko teburin mai shayi.

Lokutan salla ne ke tsara daren. Magariba tana faɗawa tsakanin ƙarfe shida da bakwai gwargwadon lokacin shekara, manyan kasuwanni su rufe, tituna su cushe da masu komawa gida. Hira ba ta kankama sai an idar da Isha'i, wajen ƙarfe takwas. Daga nan zuwa goma ko sha ɗaya gari a raye yake, bayan haka ƙafa ta fara ɗaukewa, in ban da tashoshin mota da wasu titunan Sabon Gari.

Tarihi

Kafin zuwan Turawa a 1903, ana rufe ƙofofin ganuwa da almuru, baƙon da ya makara sai ya kwana a waje har gari ya waye. Nishaɗin dare a cikin birni na gida ne da na unguwa: tatsuniya a tsakar gida, gaɗa da wasannin 'yan mata a dandali idan akwai farin wata, samari suna zuwa zance, dattawa suna hira a zaure. Makaɗa suna da ranarsu a gidan biki ko ƙofar fada.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Da yake unguwar ba ta bin al'adun cikin birni, a can ne mashaya, otal-otal da gidajen rawa suka yi gindi. Turawa kuwa suka keɓe kansu a Nassarawa da Bompai da kulob ɗinsu, Kwarori 'yan Labanan da Siriya suka zauna kusa da Fagge. Wannan rabo na zamanin mulkin mallaka har yau ana ganin sawunsa idan dare ya yi.

Sinima ce ta fara tara mutanen unguwanni daban-daban a wuri guda da dare. An buɗe Rex a 1937, wasu suka biyo baya, irin su Plaza, El Dorado, Orion, Wapa da Marhaba. Galibinsu ba su da rufi, saboda haka ba a fara nuna fim sai duhu ya shiga, kuma finafinan Indiya ne suka fi cika su. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya, ta hallaka mutum 331, abin da ya ƙara wa masu ƙyamar sinima ƙarfin gwiwa. Palace, wadda aka gina a Jakara a cikin ganuwa a farkon shekarun 1950, ta sha suka daga malamai tun kafin a buɗe ta. Bidiyo na gida da bunƙasar finafinan Hausa daga shekarun 1990 ne suka kashe kasuwar waɗannan gidaje, yau yawancinsu sun koma shaguna ko wani abu dabam.

Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, sannan aka yi dokar Hukumar Hisba a 2003. Daga nan harkar dare ta shiga ƙarƙashin sa ido fiye da da. Hare-haren Boko Haram na ranar 20 ga Janairu 2012 suka jawo dokar hana fita da shingayen bincike, aka kuma tayar da bama-bamai a wuraren shaƙatawa na Sabon Gari a watan Yulin 2013 da watan Mayun 2014. Shekaru da dama mutane na shigewa gida da wuri kafin dare ya sake farfaɗowa.

Nama, gurasa da shayi

Idan aka ce baƙo ya zaɓi abu ɗaya da zai yi da dare a Kano, to cin nama ne. Mahauta suna hura wuta tun la'asar, amma ciniki na bayan Isha'i ne. Akwai tsire, wanda ake jera yankan nama a tsinke, a barbaɗe shi da ƙuli-ƙuli da yaji, a kafa tsinkayen kewaye da tukuba. Akwai balangu, wanda ake gasawa a kan waya ba tare da ƙuli ba, galibi naman rago ko na sa, da kitsensa. Akwai kaza da zabo gasassu, da dambun nama, da kilishi wanda shi ne tsarabar da matafiyi ke saye a daren da zai bar gari. Mai saye yakan tsaya a bakin teburi, mai nama ya yanko masa ɗanɗano a bakin wuƙa, a yi ciniki, sannan a yayyanka a kan takarda, a zuba albasa da tumatir da kabeji, a ware yaji a gefe, a naɗe. Wanda ya san gari ba ya karɓar wanda ya huce, sai ya ce a mayar masa kan wuta.

Abokiyar tafiyar nama a Kano ita ce gurasa, wadda ake gasawa a tanderu, unguwar Jakara ma ta yi suna da ita. Ana cin ta da tsire, ko a yi bandashe: a yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a zuba ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, yaji da albasa. Mata da 'yan mata kuma suna suyar awara, wainar fulawa, doya da dankali a bakin layi, ga masu fura da nono da kindirmo, waɗanda a yanzu da yawansu suka koma shaguna masu firiji.

Teburin mai shayi kusan shi ne gidan abincin dare na talaka da matafiyi. An jera gwangwanayen madara da burodi da kiret na ƙwai, ga tukunyar ruwan zafi da risho ko gas, benci biyu ko uku kewaye. Ana haɗa shayi mai kauri, a soya ƙwai, a dafa indomi. Nan ake jin labarin gari, daga siyasa har farashin shinkafa, kuma baƙon da ya yi sallama ya zauna ba ya rasa abokin hira. Dabam da wannan akwai shayin buzaye, wanda ake dafawa a ƙaramar buta a kan gawayi, ana sha a ƙananan kofuna zagaye bayan zagaye. Shi ya fi yawa a majalisa, wato wurin zaman abokai na dindindin a ƙofar gida ko gaban shago. Majalisa ba ta kowa da kowa ba ce, sai ɗan gari ya kai mutum, amma idan ya samu shiga, a nan zai fi sanin Kano.

Nassarawa, Bompai da titin Gidan Zu

Gidajen abinci na zamani sun fi yawa a Nassarawa da Bompai, inda ake samun girkin Labanan, Indiya da Sin, da wuraren shawarma, fiza da askirim da iyalai ke zuwa da yara, musamman daren Juma'a zuwa Lahadi. Manyan otal irin su Tahir Guest Palace da Prince suna wannan yanki, kuma baƙin da ba sa son yawo sukan ci abincin dare a nan. Tsofaffin kulob kamar Kano Club da Lebanon Club na 'yan ƙungiya ne da waɗanda suka gayyata. A titin Gidan Zu an buɗe Ado Bayero Mall a 2014, aka kuma sa sinima ta zamani a cikinsa, inda aka riƙa ƙaddamar da sababbin finafinan Kannywood. Kantin Shoprite da ke ciki ya rufe a farkon 2024. Titin kansa cike yake da shaguna da masu abinci, ga ofisoshin 'yan fim da ɗakunan naɗar waƙa a kewayensa.

Sabon Gari

Dokar jihar ta haramta sayarwa da shan giya, amma a aikace Sabon Gari, wadda ke ƙaramar hukumar Fagge, ita ce inda mashaya da gidajen rawa suke. A titunan unguwar, irin su New Road, Igbo Road da Enugu Road, ana fito da kujerun roba bakin hanya da dare, ana sayar da farfesu, gasasshen kifi da abincin kudu, kiɗa na tashi daga kowane lungu, ana kai wa tsakar dare ko fiye. Wannan ba ya nufin doka ta ɗauke ido. Hisba tana kama motocin giya a hanya, tana kai samame otal-otal da wuraren casu, kuma tana farfasa kwalabe a bainar jama'a. A watan Nuwamban 2013 an murƙushe kimanin 240,000 a rana ɗaya. Baƙo Musulmi ya fi fuskantar tambaya idan aka same shi a irin waɗannan wurare, haka nan mace da namijin da ba muharramai ba idan aka tarar da su a ɗaki guda.

Akwai kuma gidajen gala, inda matasa ke rawa da kwaikwayo a kan dandamali da waƙoƙin finafinan Hausa, 'yan kallo suna liƙi. Suna ƙarƙashin Hukumar Tace Finafinai, wadda takan dakatar da su lokaci zuwa lokaci.

Ƙwallo da dambe

Gidan kallon ƙwallo yana nan a kusan kowace unguwa: rumfar kwano, benci a jere, talabijin biyu ko uku, janareto na ruri a baya, allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. Ana biyan kuɗin shiga kaɗan. Manyan wasannin Zakarun Turai suna farawa ƙarfe takwas ko tara na dare agogon Najeriya, kuma daren da Real Madrid ko Barcelona ke wasa, ihu daga gidan kallo kan sanar da unguwa an ci ƙwallo kafin rediyo ta faɗa. Wasannin Kano Pillars a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata galibi da la'asar ake yinsu.

Dambe ma da yamma yake farawa ya ratsa zuwa almuru. Ana yinsa a dandalin Ado Bayero Square da ke Sabon Gari, 'yan dambe sun kasu ɓangarori, Kudu, Arewa, Jamus da Guramaɗa, masu kalangu suna zuga su da taken kowa. Baƙon da bai taɓa gani ba, gara ya je da wuri ya samu kujera kafin manyan 'yan wasa su shigo fili.

Watan azumi da lokacin bukukuwa

A Ramadan dare yakan zama rana. Bayan buɗa-baki ana asham da tafsiri, a goman ƙarshe kuma masallatai su cika da masu tahajjud har kusan sahur. Teloli ba sa barci saboda ɗinkin Salla, 'yan kasuwa suna ƙara lokaci, masu nama da masu shayi suna kai wa asuba. Daga daren goma ga wata ake fara tashe: yara su yi shigar tsoho da gemun auduga, ko ta malami, ko ta mai magani, suna bi gida-gida ana ba su hatsi ko kuɗi. A Kano akwai sarautar Nalako, sarkin gwauraye, wanda tashensa na tsokanar marasa aure ne. A wasu shekarun baya-bayan nan 'yan sanda sun hana tashe saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi suna faɗan daba da ƙwace.

A watan Rabi'ul Awwal ana raya dare da majalisun Maulidi, sha'irai suna yabon Annabi har dare ya raba, ga zikirin bandiri na 'yan Ƙadiriyya. Bukukuwan aure kuma sun koma ɗakunan taro na haya, inda ake dina da kamu, mawaƙa da masu kiɗan zamani suna aiki. Waɗannan da katin gayyata ake shiga.

Sufuri da tsaro

An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, saboda haka A Daidaita Sahu, wato babur mai ƙafa uku, shi ne abin hawan jama'a. A watan Yulin 2022 gwamnatin jihar ta hana su aiki daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Wanda zai wuce goma a waje, gara ya shirya motar komawa tun kafin ya fita, ko ta otal ko ta mai masaukinsa. Ƙwacen waya shi ne laifin da aka fi kuka da shi, galibi a lunguna marasa haske da cikin A Daidaita Sahu, shi ya sa 'yan gari ba sa fito da waya a bakin titi bayan duhu. Shigar mutunci ana sa ranta ga mace da namiji a ko'ina cikin birni, kuma wuraren hira na bakin titi kusan duk na maza ne. Mata sun fi fita tare da iyali zuwa gidajen abinci ko taron biki. A watannin Disamba da Janairu sanyin hunturu kan kori mutane gida da wuri, a Maris zuwa Mayu kuwa zafi da ɗaukewar wutar lantarki suna sa a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida har ƙarfe sha biyu.