Nazarin jigo

Nazarin jigo hanya ce ta fitar da ma'ana daga bayanan bincike waɗanda ba alƙaluma ba ne, kamar hirarraki, tattaunawar rukuni, wasiƙu da amsoshin da mutane suka rubuta da kalmominsu. Mai bincike yakan bi maganganun mutane da yawa, ya lura da ma'anar da ke ta dawowa, ya tattara ta ƙarƙashin jigogi kaɗan da za su amsa tambayar bincikensa. An fi amfani da ita a ilimin halayyar ɗan Adam, kiwon lafiya, koyarwa da nazarin zamantakewa.

Kalmar ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin adabin Hausa, wanda ya saba da furucin jigo da warwarar jigo wajen feɗe waƙa. Sai dai mawaƙi ya riga ya ɗora waƙarsa a kan jigo. Mai bincike kuwa yana gaban maganar mutum ashirin ko talatin da babu wanda ya tsara wa maganarsa jigo, don haka shi ne zai gina shi.

Asali

Ba mutum ɗaya ya ƙirƙiro hanyar ba. Ana yawan danganta farkonta ga Gerald Holton, masanin fiziks da tarihin kimiyya a Jami'ar Harvard ta Amurka, wanda a wajen shekarun 1970 ya bi diddigin jigogin da ke ƙarƙashin tunanin manyan masana kimiyya. Masanin zamantakewa Robert Merton ya yi sharhi a kan wannan aiki a 1975. Wasu kuma suna ganin tushenta ya fi kusa da nazarin ƙunshiya, wato ƙidayar kalmomi da batutuwa a jaridu da shirye-shiryen rediyo, wanda Bernard Berelson ya tsara ƙa'idojinsa a 1952. Aikin Barney Glaser da Anselm Strauss na 1967, kan gina ra'i daga cikin bayanai, shi ma ya ba da gudummawa, musamman al'adar bin rubutu layi-layi ana sa wa kowace gaɓa laƙabi.

An daɗe ana cewa an yi nazarin jigo ba tare da an bayyana yadda aka yi ba. Richard Boyatzis ya fitar da littafi a 1998 da ya tsara yadda ake gina laƙabobi da auna daidaitonsu. Amma abin da ya yaɗa hanyar a duniya shi ne maƙalar 2006 ta Virginia Braun ta Jami'ar Auckland a Niyu Zilan da Victoria Clarke ta wata jami'a a Bristol, Ingila. Maƙalar ta shiga sahun waɗanda aka fi kafa hujja da su a kimiyyar zamantakewa. A wajen 2019 marubutan biyu suka ƙara wa hanyarsu suna don nuna cewa mai bincike dole ya riƙa duba tasirin kansa a kan abin da yake fassarawa.

Yadda ake yi

Braun da Clarke sun raba aikin zuwa mataki shida, ko da yake ana komawa baya sau da yawa. A ɗauki misalin ɗalibar Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda take son sanin yadda 'yan albasa da tumatir na kasuwar Mile 12 ke jure asarar kaya. Farko za ta rubuta hirarrakinta kalma da kalma, ta karanta har ta san muryar kowa. Wannan mataki yana cin lokaci sosai, domin hirar awa ɗaya takan cinye awowi kafin a gama rubuta ta, kuma akan yi masa gaggawa.

Daga nan sai sa laƙabi. Inda wani ya ce motarsa ta kwana a hanya kaya suka ruɓe, ta rubuta "jinkirin hanya". Inda wani ya ce dillalinsa ya ɗaga masa ƙafa har zuwan mota ta gaba, ta rubuta "bashi ba takarda". Idan laƙabobi suka taru, sai ta duba waɗanda ke da dangantaka. Bashi ba takarda, aika kuɗi gida ta hannun direba, da kwana a rumfar mai gida, duka suna iya haɗuwa a jigo ɗaya: amana ce jarin da ya fi kuɗi. Sai ta koma ga hirarrakin ta gwada ko jigon ya tsaya, ta raɗa masa suna, ta rubuta rahoto tana kawo maganganun mutanen a matsayin hujja.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a mai da kan magana jigo. "Matsalolin sufuri" kan magana ne kawai, bai faɗi komai ba. Jigo yana ɗauke da wata hujja da za a iya faɗa a jimla ɗaya.

Laƙabi yakan fito daga bayanan kansu, ko daga ra'in da mai bincike ya zo da shi. Yakan tsaya a kan abin da aka furta, ko ya shiga abin da ke ɓoye a bayan furucin.

Batun harshe

A Legas wannan batu yana da nauyi. Bahaushen Agege, Idi-Araba ko Alaba Rago yakan gauraya Hausa da Yarbanci da Buroka a zance ɗaya, rahoton kuwa da Turanci za a rubuta shi. Idan aka fassara hira kafin a sa laƙabi, kalmomi irin su rufin asiri, kunya, ci-rani da haƙuri sukan koma kalma ɗaya mai siriri, jigon da ke cikinsu ya zube. Wanda ya ce yana neman rufin asiri ba kuɗi kaɗai yake nufi ba. Ya fi kyau a yi nazarin a harshen da aka yi hirar, a fassara abin da za a kawo a rahoto kawai. Haka nan amsar da dattijo zai bai wa budurwa mai riƙe da rakoda a gaban Sarkin Hausawa ba ita ce zai bayar a keɓe ba, kuma ya kamata a rubuta yanayin da aka yi kowace hira.

Saɓani

Wani ɓangare na masu bincike yana so mutum biyu su sa laƙabi daban-daban a auna dacewarsu da ma'aunin Jacob Cohen na 1960. Braun da Clarke ba su yarda da hakan ba. Akwai kuma jayayya kan ko ana iya cewa bayanai sun ƙoshi, wato ba sauran sabon abu da za a ji.

Manhajoji

Ana amfani da NVivo, ATLAS.ti da MAXQDA wajen adana laƙabobi. Masu bincike da yawa har yanzu da takarda da biro masu launi suke yi.