Waiwaye: yadda kasuwar Garwa ta sha korona, da abin da ya riƙe ta

In ka tambayi ɗan kasuwa a Garwa, a arewacin Kamaru, yaushe ciniki ya fara ja da baya, da wuya ya fara maka da korona. Zai koma da kai watan Fabrairun 2013, lokacin da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da gandun dajin Waza. Daga nan ƙafar baƙi masu yawon buɗe ido ta ɗauke, dukawa da masu sassaƙa da direbobin da ke kai Turawa daji suka rasa masu saye. A 2014 rikicin Boko Haram ya kashe hanyar Banki da Amcide. A 2016 naira ta faɗi, masu kai shanu da albasa Najeriya suka riƙa dawowa da kuɗin da ba ya auki idan an canza shi zuwa sefa. Sai kuma watan Agustan 2019, gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokinta na ƙasa. Garin da rabin kayan shagunansa daga Yola da Mubi da Kano suke shigowa, ta Gashiga ko ta kogin Binuwai, ba ƙaramar girgiza ya yi ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Ranar 6 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Yawunde. Ranar 17 ga wata Firaminista Joseph Dion Ngute ya karanto matakai 13: an rufe iyakoki, an rufe makarantu, an hana taron da ya wuce mutum 50, gidajen abinci da mashaya su rufe da ƙarfe shida na yamma, motocin haya su daina cunkoso. Kamaru ba ta kulle mutane a gida ba, kasuwanni sun ci gaba da ci, motocin kaya kuma ba a hana su wucewa daga tashar jirgin ƙasa ta Gaundare zuwa Kusuri da Njamena ba. Wannan ya sa wasu a kudu suke ganin arewa ba ta ji jiki sosai ba. Ba su san yadda kuɗi ke zagayawa a nan ba ne.

Bikin aure ɗaya a unguwar Hausare ko ta Fulɓere yana ciyar da gidaje da yawa waɗanda ba su haɗa komai da ango ko amarya ba: mai atamfa, tela, mai lalle, mai kitso, mai hayar kujeru da rumfa, mahauci, mai niƙa, maroƙi, ɗan acaɓan da zai yi ta jigilar mata har dare. Da aka taƙaita taro, duk suka zauna. Makaranta ma kasuwa ce: matan da ke soya ƙosai da fanke a bakin ƙofa sun wayi gari babu yaro ko ɗaya. Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, aka yi ƙaramar salla a ƙarshen Mayu, magidanta da yawa ba su yi wa yara ɗinki ba. Saudiyya kuma ta hana maniyyata daga waje zuwa aikin Hajji a 2020, ta sake hanawa a 2021. Filin jirgin saman Garwa, inda alhazan arewa ke tashi, ya yi shekara biyu bai ga wannan hada-hadar ba, haka masu cinikin tsaraba.

Ranar 30 ga Afrilu gwamnati ta sassauta. Ta yafe wa masu tasi da 'yan acaɓa da ƙananan masu sayar da kayan abinci harajin watanni uku, har da kuɗin wuri a kasuwa. Abu ne mai kyau, kuma an ji daɗinsa. Amma yafe haraji ba ya dawo da jarin da aka riga aka cinye a tukunya. An kafa asusu na musamman na sefa biliyan 180 don yaƙi da cutar da raɗaɗinta, sai ga rahoton sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli a 2021 ya fito da kura-kurai masu yawa a yadda aka kashe kuɗin. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin na san mata da sefa dubu 20 kacal za ta tayar da sana'arsu.

Abin da na gani da idona ya riƙe mutane shi ne adashi da bashin amana. Gwaggona tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ita ce uwar adashin matan layinsu. Da ciniki ya tsaya ba su watse ba. Sun rage zubi zuwa abin da mafi rauni a cikinsu za ta iya, suka sauya layin kwasa, wadda mijinta ya rasa aiki ko aka kwantar mata da yaro ita ake fara ba wa. Wadda ta kasa zubi a wannan mako, wata ta zuba mata, a biya bayan salla. Babu takarda, babu ruwa a kan kuɗin. A babbar kasuwa ma haka manyan 'yan kasuwa suka yi wa yaransu: ɗauki kaya, in ka sayar ka kawo. Wasu sun yi asara a wannan, ba a rasa waɗanda suka gudu da kuɗin mutane ba, amma da kowa ya ce sai kuɗi hannu, da rumfunan da suka rufe sun ninka.

Teloli sun samu ɗan numfashi bayan an wajabta sanya takunkumi daga 13 ga Afrilu. Ƙyallayen da a da ake sharewa a zubar suka zama kaya. Masu walda suka shiga ƙera mazaunin bokiti mai famfo na wanke hannu, mata suka ƙara dafa sabulu. Tura kuɗi ta waya, Orange Money da MTN MoMo, ya shiga hannun waɗanda a da ba su yarda da shi ba, har dattawa. Shi ya sa harajin kashi 0.2 cikin 100 da aka ɗora wa turawa da cirewa daga Janairun 2022 ya ɓata wa mutane rai. Kuɗin ba shi da yawa, amma a kan talakan da ya fara sabawa ya faɗa.

Sai matsalar wuta, wadda a ganina ta fi cutar kanta karya masu sana'ar hannu. Jihohin arewa uku sun dogara ne da madatsar Lagdo, wadda 'yan Sin suka gina aka gama a 1982, mai ƙarfin megawat 72. Yashi ya cike wani ɓangare na tafkin, damina ta yi ƙaranci, ruwa ya ja baya, a 2021 aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Telan da ya fara samun ɗinki ba wuta. Mai ƙanƙara, a garin da zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, ba wuta. Mai injin niƙa ya koma gas, kuɗin niƙa ya hau. A lokacin ne farantan sola suka yawaita a kan rufin shaguna, masu cajin waya da masu firji suka haɗa kuɗi suka saya. Daga baya aka kafa tashoshin hasken rana a Gidar da Marwa, abin ya yi sauƙi, ko da yake layin da zai haɗa arewa da wutar kudu, ya zarce Cadi, shi ake ta jira.

Gasar cin kofin Afirka, wadda korona ta ɗage zuwa Janairun 2022, ta kawo wa Garwa makonni na walwala. A filin Rumde Ajiya Najeriya ta ci Masar 1-0 ranar 11 ga wata, mutanen Yola suka cika gari, otal da masu tsire da 'yan acaɓa suka yi ciniki. Ranar 23 Tunisiya ta fitar da Najeriya, baƙi suka koma. An bar mana tituna da fitilu. Wata guda bayan nan yaƙin Yukren ya tashi, alkama da takin zamani suka yi tsada, manoman auduga da ke hulɗa da kamfanin auduga na Sodecoton suka ji a jikinsu. A Fabrairun 2023 litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a ƙarshen Mayu kuma Bola Tinubu ya cire tallafin mai, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalabe bakin titi, ya daina araha.

Duk lokacin da aljihu ya yi zafi, daji ne ke biya. Gidan da ya fara girki da tukunyar gas ya koma itace da gawayi, matashin da ya rasa aiki ya ɗauki gatari. Wanda ya san hanyar Pitowa ko ta Ngong shekaru 20 da suka wuce ya san yadda itatuwa suka yi nisa da titi. Darbejiyar da muke fakewa a inuwarta a cikin gari wasu ne suka dasa, tun zamanin shirin Sahel Vert na Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan, shirin da aka sake tayarwa a 2008. Dasawa ba ta da wuya, ban ruwa a watan Afrilu shi ne aikin, kuma bishiyoyin da na ga sun rayu su ne waɗanda wani mai shago ko masallaci ya ɗauka a matsayin nasa. Leda ma haka: an haramta marar kauri tun Afrilun 2014, amma tana nan tana shigowa ta iyaka, tana toshe magudanai, tana kashe awaki.

Akwai masu rage wannan ɓarna tun kafin a fara kiran taro a kanta. Maƙeran da ke narka gwangwani su zuba tukwane, masu yanka tsohuwar taya su yi takalmi da guga, yaran da ke bi gida-gida suna sayen ƙarfe, masu gina murhun laka mai tsimin itace. Ba su da rumfa ta dindindin, ba su da hanyar samun rance, kuma idan an tashi gyaran titi su ake fara kora. Gwaggo ta koma irin wannan murhu a shekarar korona saboda itace ya fi ƙarfinta, kuma ba ta bar shi ba. Man gyaɗarta a tsofaffin gorunan ruwa take zubawa, waɗanda almajirai ke tattaro mata tana biyan su. Adashinsu ya koma zubin da yake kafin 2020, amma kwalbar mai da take sayarwa yanzu ba ta sayen rabin gyaɗar da take saya a da.