Iskar ozon a ruwan kiwon kifin salmon: tambayoyi da amsoshi ga masu kiwon kifi na Katsina

Duk mai kiwon tarwaɗa a Katsina ko Daura ya san cewa rabin wahalar sana'ar nan a ruwa take, domin kowane sauyin ruwa yana cin man janareta kafin burtsatse ta cika tanki. Shi ya sa hankalin abokan sana'a ya karkata ga yadda masu kiwon salmon a ƙasashen sanyi suke tace ruwa ɗaya su yi ta maimaita shi, da kuma iskar ozon da suke sa masa. Ga tambayoyin da suka fi fitowa a kan batun.

Mece ce ozon, kuma daga ina ake samun ta?

Ozon 'yar'uwar oksijin ce da muke shaƙa, sai dai ƙwayar zarra uku ce a haɗe a cikinta, ita kuwa oksijin biyu ce. Ta ukun nan ba ta da zama, da ta haɗu da datti ko ƙwayar cuta sai ta ɓalle ta cinye shi. Saboda haka ba a ajiye ozon a tukunyar gas, a wurin aiki ake haɗa ta da injin da ke ratsa busasshiyar iska ko oksijin da tartsatsin lantarki. Tun 1906 birnin Nis na Faransa ya fara tsabtace ruwan sha da ita, kuma wasu masana'antun ruwan leda da na roba a ƙasar nan suna aiki da ita a yau.

Me ya sa masu kiwon salmon suke bukatar ta?

Salmon yana ƙyanƙyashewa ne a ruwan daɗi, ya yi ƙuruciyarsa a can, sannan jikinsa ya sauya ya koma teku. Norwe, wadda ke fitar da kusan rabin salmon ɗin kiwo na duniya, da Chile da Sikotilan, suna renon ƙananan a tankuna a kan tudu kafin a kai su keji cikin teku. Da yawa daga gidajen renon suna mayar da fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwansu bayan tacewa. Ruwan da ake juyawa haka yana tara abin da matata ba ta kamawa: ɓarɓashin kashin kifi da ragowar abinci da suka yi laushi ƙwarai, da wani launi da ke mai da ruwan kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Ozon tana wanke launin, tana dunƙule ɓarɓashin har matata ta iya tsince shi, tana kuma mai da gubar naitirait ta koma naitiret mai sauƙin illa. Naitirait ita ce ke shiga jinin kifi ta mai da shi ruwan ƙasa har ya kasa ɗaukar oksijin, don haka wannan aikin kaɗai ba ƙarami ba ne.

To, shin kifin da kansa yana ƙaruwa da ita?

Yana ƙaruwa, amma ta hanyar ruwan. Wata cibiyar binciken kiwon kifi a ruwan daɗi da ke jihar West Virginia ta Amurka ta wallafa gwaji a 2021, inda salmon da aka rena a ruwan da ake sa wa ozon kaɗan-kaɗan ya fi ɗan'uwansa saurin girma. Salmon da ido yake farautar abincinsa, kuma ruwa garau yana sauƙaƙa masa hakan, ga shi gaɓoɓin numfashinsa ba sa fama da ɓarɓashi. Sai dai masu gwajin sun so su ga ko ozon za ta rage balagar da kifi ke yi da wuri, wadda ke ɓata naman kifi ta karya farashinsa, kuma ba ta rage ba. Ya kamata a riƙe wannan, domin masu sayar da injuna sukan yi magana kamar babu matsalar da ozon ba ta warwarewa. Haka kuma ɗan abin da ake sawa don gyaran ruwa bai kai ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta ba. Kashe su yana bukatar adadi mai yawa a wani keɓaɓɓen tanki inda babu kifi, sannan a kawar da ragowar kafin ruwan ya koma.

Ina haɗarin yake?

A nan ne ya kamata a dakata. Ozon ba ta bambance datti da naman kifi. Idan ta gama cinye dattin da ke ruwa kuma akwai saura, abin da za ta fara tararwa shi ne jajayen sassan nan da ke ƙarƙashin marfin kunnen kifi, waɗanda yake numfashi da su. Wanda ya taɓa gyaran kifi ya san siffarsu: siraran zare jere kamar haƙoran matsefi, da fata mai laushin gaske wadda jini ke bi dab da ruwa. Idan ozon ta taɓa su sai su kumbura, zaren su manne da juna, wasu sassan su mutu. Kifin sai ya daina cin abinci, ya riƙa buɗe marfin kunnensa da sauri, ya taru a bakin bututun da ruwa ke shigowa, alhali na'ura tana nuna oksijin ya wadata a tankin. Waɗannan sassan su ne kuma ke daidaita gishirin jikinsa da fitar da amoniya, wato dattin jikinsa mai guba, don haka raunin wuri ɗaya yana taɓa ayyuka uku.

Cibiyar bincike ta Nofima a Norwe ta gwada wannan a kan ƙananan salmon masu nauyin giram 100 a ruwa mai ɗan gishiri, ta wallafa sakamakon a 2020. Ana auna ƙarfin cin datti da ozon ke ba ruwa da ma'aunin milibolt, kuma an jarraba matakai biyar: 250, 280, 350, 425 da 500. A matakan 425 da 500, aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kifin ya mutu kafin kwana goma. A sauran matakan ba a sami mace-mace na a zo a gani ba, kuma fatar jikin kifin ba ta sauya ba, amma tun daga 350 rauni ya fara bayyana sosai a gaɓoɓin numfashi. Abin da ya fi damuna a wannan sakamako shi ne cewa kifi yana iya kasancewa a raye, fatarsa sumul, yana kuwa shan wuya a numfashi. Mai kiwon da ke lissafin lafiyar tankinsa da yawan mushen da ya tsame da safe ba zai taɓa ganin wannan ba, kuma dabbar da muka tsare a tanki amana ce a hannunmu.

Me ya sa aka fi tsoron ta a ruwan gishiri?

A ruwan daɗi ozon tana rushewa cikin mintuna ta koma oksijin. Ruwan teku kuwa yana ɗauke da sinadarin buromaid, kimanin miligiram 65 a kowace lita, kuma idan ozon ta haɗu da shi sai a sami wasu sinadarai masu guba da ke daɗewa bayan ita ta ɓace. A gidan da ke juya ruwa ɗaya suna iya taruwa a hankali. Wannan ne dalilin da ya sa aikin ozon ya fi yaɗuwa a gidajen reno na ruwan daɗi.

Yaya ake kare kifin?

Ana sa ozon a ruwan da ya riga ya bar tankin kifi, a ba ta lokaci ta yi aikinta, sannan a bi da ruwan ta fitilar haske mai kashe ƙwayoyin cuta ko ta gawayin tacewa na musamman, domin dukansu suna karya ragowarta. Ana daidaita yawanta da abincin da aka zuba a ranar, wajen giram 10 zuwa 25 ga kowane kilo na abinci. Ma'anar haka ita ce ranar da aka rage abinci ko aka kwashe kifi, dole a rage ozon, in ba haka ba ta rasa dattin da za ta ci. Ana haɗa ma'aunin milibolt da makunnin da zai kashe injin da kansa idan an kusa iyaka, kuma bakin ma'aunin yana yin gansakuka ya riƙa ba da lamba ta ƙarya, don haka wanke shi da sake saita shi aiki ne na kullum.

Ma'aikata fa?

Ozon tana cutar huhun mutum. Dokar kare ma'aikata ta Amurka ta sa iyaka a kashi 0.1 cikin miliyan na iska a tsawon awa takwas na aiki. Tana da wari mai kaifi, amma hanci yana sabawa da shi, saboda haka ba a dogara da shi. Tana kuma cinye roba ta gama-gari, bututun da bai dace ba yakan tsage ya yi yoyo a ɗaki.

Mai kiwon tarwaɗa a Katsina zai iya amfani da ita?

Kiwon salmon kansa ba namu ba ne, domin kifi ne da ke son ruwa mai sanyin digiri 8 zuwa 14, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yakan kai 40. Tarwaɗa kuma tana da gaɓar da take shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe salmon cikin sa'o'i. Wannan juriya ba ta hana ozon ƙona mata gaɓoɓin numfashi, kuma lambobin da aka samu a kan salmon a ruwan sanyi ba za a ɗora su kai tsaye a kan tarwaɗa ko karfasa ba.

A ganina, inda za ta iya yin amfani a wajenmu shi ne gidan ƙyanƙyasa, inda ruwan kaɗan ne, 'ya'yan kifin ba su da ƙwari, kuma asara tana zuwa dare ɗaya. Wanda ke ɗibar ruwa daga madatsa irin Zobe ko Jibiya ko Daberam ya fi mai burtsatse bukatar tsabtace ruwan shigowa. Sharaɗin shi ne wuta tsayayya: idan famfo ya tsaya injin ozon yana ci gaba da aiki, ko wuta ta dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa, ruwan da zai fara isa tanki yana iya zuwa da ragowar da ta wuce kima. Wanda ba shi da ma'aunin milibolt, da makunni mai kashe kansa, da yaron da aka koya wa karanta ma'aunin dare da rana, gara ya sa kuɗinsa a tankin kwantar da datti, da matatar da ƙwayoyin halitta masu cin amoniya ke zama a cikinta, da rage cunkoson kifi a kowane tanki.