Furotin ɗin da ke riƙe da jijiyoyin idon ɗan kifi

Wane ɓangare na ido ake nufi?

Can bayan ido akwai wani siririn tantani da likitoci ke kira retina, shi ke karɓar haske. Cikin ƙwayoyin jijiyarsa akwai waɗanda ake kira gangiliyon, kowace tana miƙa dogon zare har ƙwaƙwalwa. Zarurrukan nan ne ke haɗuwa su zama jijiyar gani.

Ƙwayar halitta ai ruwa-ruwa ce. Me ke riƙe da zaren?

Tana da tsaiko a ciki, kamar na ɗakin jinka, sai dai da furotin aka yi shi, kuma iri uku ne. Aktin shi ne mafi siranta, kaurinsa kamar nanomita 7 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Ya fi yawa a bakin zaren da ke tsiro, wurin da ke laluben hanya kamar yatsu a cikin duhu. Santiyago Ramon Kahal na ƙasar Sifen ne ya fara bayyana wannan baki a 1890. Sai bututun tubulin, nanomita 25, wanda shi ne titin da wasu furotin 'yan dako ke bi suna kai kaya suna dawowa. Na uku matsakaita ne, kamar nanomita 10, su ke ba zaren kauri da ƙwari.

Duk dabbobin duniya, sai kifi?

Saboda ana ganin komai. Kifin zebra, ɗan ƙaramin kifi mai zane-zane daga rafukan Indiya da Bangaladash, yana zuba ƙwai a ruwa, ƙwan kuma garau yake kamar gilashi. Ka sa shi ƙarƙashin madubin bincike, kafin kwana ɗaya da rabi ƙwayoyin gangiliyon na farko sun bayyana. Wajen kwana biyu zarensu ya isa ƙwaƙwalwa, a kwana uku ɗan kifin ya fara gani, a na biyar yana farautar abinci.

To me aka gano game da matsakaitan nan?

Nan ne labarin ya yi daɗi. A Jami'ar Stony Brook da ke Amurka, ɗakin binciken Nisson Schechter ya gano wasu furotin biyu daga cikin matsakaitan nan a jijiyar ganin jan kifin nan na ado, aka sa musu suna plastisin da gefiltin. Dabbobi masu shayarwa ma suna da danginsu. Abin lura shi ne ba tare suke zuwa ba. Plastisin ke fara fitowa, daidai lokacin da zaren ke sabon tsiro yana neman hanya. Gefiltin yana biyo baya, ya kuma daɗe. Masu binciken na ganin na farkon ya dace da zaren da ke bukatar lanƙwasa, na biyun da wanda ke daidaita zama. Duk wanda ya ga magini ya kafa katakon wucin gadi kafin ya zuba kankare zai gane dabarar.

Kuma idon kifi ba ya daina girma. Muddin yana raye, sababbin ƙwayoyi na ƙaruwa a gefen tantanin, zobe bayan zobe. A babban kifi, a 'yan sababbin nan na gefe ake samun plastisin.

Mu mutane, ina ruwanmu?

Idan aka murƙushe jijiyar ganin kifi, takan sake tsirowa, ganinsa ya dawo cikin makonni. Roger Sperry, wani masanin jijiyoyi ɗan Amurka, ya yi aiki a kan haka, ya nuna cewa zarurrukan na komawa wuraren da suke tun farko. A lokacin wannan sake tsiro ƙwayar tana maimaita jerin ƙuruciyarta, plastisin ya hau da wuri, gefiltin ya biyo. Tamu jijiyar idan ta mutu ta mutu. Ƙwayoyin gangiliyon ɗin nan ne cutar gulukoma, wadda wasu ke kira hawan jinin ido, take kashewa a hankali. Shi ya sa maganin ɗigawa da tiyatar da ake yi mata ba sa dawo da ganin da ya riga ya tafi, rage matsin cikin ido suke yi don a tsare wanda ya saura.