"Gwaji": kalma ɗaya, ma'ana biyu

Tun 2015, da hayaniyar majalisar dokokin Gana ta sa aka dakatar da gwajin rigakafin Ebola a Hohoe, kalmar "gwaji" take tayar da hankali. A rediyo ko a majalisun unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, da an ambace ta sai wani ya ce za a mayar da yaranmu ɓeraye. Tsoron yana da tushe. Bahaushe bai manta da Kano a 1996 ba, inda aka gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau.

Abin haushin shi ne masu magana suna cakuɗa abu biyu. Idan likita a asibitin Komfo Anokye ya ga yaro da kumburin muƙamuƙi ko ciki ya ce a yi gwaji, nufinsa a ɗebi jini, a sa allura a tsakuro ɗan nama a duba. Neman sunan cutar ake yi. Sau da yawa akan tarar da kansar Burkitt, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wadda kuma Farfesa Francis Nkrumah, ɗan Kwame Nkrumah, ya shafe shekaru yana bincike a kanta a asibitin Korle Bu da ke Accra. Ƙarin wannan cuta yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma yana jin magani, musamman cyclophosphamide, tsohon magani da aka daɗe da sani. To, uwar da ta ji "gwaji" ta goya ɗanta ta koma gida mako biyu, ba wani kamfani ta tsere wa ba, cutar ta ba wa fili. Ga shi kuwa Burkitt tana cikin kansar yara huɗu da inshorar lafiya ta ƙasa (NHIS) ta ɗauka.

Gwajin magani kuwa bincike ne, kuma yana da ƙa'ida. Sai kwamitin ɗa'ar bincike ya duba tsarin, sai hukumar kula da abinci da magunguna (FDA) ta Gana ta ba da izini. Dole a faɗa wa iyaye, da harshen da suke ji, me za a ba yaron, wace illa ake tsoro, wane magani zai samu idan sun ƙi. Wanda bai iya karatu ba zai dangwala yatsa a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken. Yaron da ya yi wayo, shi ma a nemi yardarsa.

A nan ake yawan yin zamba cikin aminci. Takarda shafi goma da Turanci, tafinta ya taƙaita ta da "Baba, likita ya ce ku sa hannu." A ganina wannan ba yarda ba ce, ko da tawada ta kama yatsa raɗau. Uba ya tambaya kai tsaye: "Idan na janye ɗana gobe, za a ci gaba da yi masa magani?" Bisa ƙa'ida, amsar e ce.